Riƙon Kare a Birnin Manchesta, da Rabonmu a Cikin Zancen

Tun da ɗan ƙanena ya tafi birnin Manchesta na ƙasar Ingila neman ilimin haɗa magunguna, bai taɓa kawo mini ƙarar sanyi ko ta abinci ba, sai a watan jiya da ya kira ni da dare, murya a dagule, ya ce, "Baffa, fatawa nake nema. Tsohuwar da nake haya a gidanta ta kawo kare, kuma a falo yake kwana." Na amsa masa da cewa ni ba mufti ba ne, amma ya natsu ya ba ni labarin daga tushe, gama malaman usulu sun hore mu da kada mu yanke hukunci a kan abu sai mun san surarsa.

Ashe karen ba na tsohuwar ba ne, riƙo aka ba ta. A ƙasar akwai ƙungiyoyin da aikinsu ke nan, su tattara karnukan da aka yasar ko aka wulaƙanta, su yi musu magani, sa'an nan su damƙa su amana ga wani mai gida na 'yan makonni ko watanni, domin dabbar ta koyi zaman ɗaki kafin a sami wanda zai ɗauke ta dindindin. Al'adar ta daɗe: gidan karnuka na Battersea da ke Landan wata mace mai suna Mary Tealby ce ta assasa shi a 1860, ƙungiyar hana zaluntar dabbobi ta RSPCA kuwa ta girme shi, domin a 1824 aka kafa ta. Wanda aka kawo wa tsohuwar nan irin karnukan tsere ne da suke kira greyhound, dogo siriri mai tsukakken ƙugu, wanda duk wanda ya san karnukan Buzayen Azawak zai ce dangi ne, kuma gudunsa yakan kai kusan kilomita 70 a sa'a. A Manchestan ne ma, a filin Belle Vue, aka fara irin wannan tsere na zagaye a Ingila a 1926, inda karnuka ke bin zomon ƙarya da inji ke ja, mutane na zuba kuɗin caca. Karen da ya kai shekara huɗu ko biyar, ko ya ji rauni, an gama da shi ke nan. Ban iya ɓoye wa yaron ra'ayina ba, cewa al'ummar da ta gina gidan riƙon ita ce dai ta gina filin cacar, saboda haka yabon da za a yi mata sai a auna shi da mudu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a labarin shi ne yadda dabbar da ta yi shekaru tana cin gasa a gaban dubban mutane ta zama tamkar baƙon ƙauye ranar da ya fara shiga birni. A keji aka haifi karen, a keji ya girma, bai taɓa ganin matakalar bene ba, har sai da tsohuwar ta durƙusa tana ɗaga masa ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Bai san ƙofar gilashi ba, ya kai mata karo, sai da aka manna takarda a jikinta domin ya gane akwai shamaki. Ya ga kansa a madubi ya yi tsaye cik yana jiran wancan ya motsa. Daɓen ɗakin girki mai santsi kuwa ya ƙi taka shi sam, sai da aka shimfiɗa tsofaffin darduma. Kwana uku na farko bai ci abin kirki ba, ya lafe a lungu yana bin kowa da ido, ita kuwa ba ta matsa masa ba, ba ta kira maƙwabta kallo ba, ta ajiye masa ruwa da shimfiɗa a wurin da ba a yawan giftawa, ta hana kowa taɓa shi idan yana barci, domin kare da bai saba a tashe shi da hannu ba yana iya kai cizo cikin firgita, ba da nufi ba.

Sauran aikin duk na ƙa'idar lokaci ne. Da asuba a fita da shi, bayan kowane cin abinci a fita da shi, kafin barci a fita da shi, kullum ta ƙofa ɗaya zuwa wuri ɗaya, in ya yi bukatarsa a waje a yaba masa a ba shi ɗan abin taɓawa, in kuwa ya ɓata ɗaki a goge a yi shiru, saboda a faɗar tsohuwar duka ba ya koya wa kare inda zai yi, sai dai ya koya masa ɓuya daga mai dukan. Idan za su fita titi sai ta sa masa takunkumi da igiya, gama wanda aka horar da shi a kan bin zomo ba ya bambance zomo da kyanwar maƙwabci. Kaɗaici ma sai da aka koya masa, tunda bai taɓa kwana ba tare da 'yan'uwansa ba: ta fita minti biyar ta dawo, gobe goma, jibi rabin sa'a, har ya yarda cewa wanda ya fita zai komo. Masu wannan aiki suna da wani ƙiyasi da suke faɗa wa juna, wai kwana uku na ɗimuwa, mako uku na gane tsarin gida, wata uku na sakin jiki. Da na ji haka sai na tuna da gwaggona, Allah ya jiƙanta, wadda ta riƙe 'ya'yan dangi da yawa, kuma ba ta taɓa tsawata wa ɗan riƙo a makonsa na farko ba.

To, ina matsayinmu? Jama'armu da yawa suna zaton ƙyamar kare rukuni ce daga rukunan addini, alhali mazhabar da muka tashi a kanta ta fi kowace sauƙi a wannan babi. A wurin Imamu Malik duk mai rai tsarkakakke ne, har da yawunsa, kuma umurnin wanke ƙwarya sau bakwai idan kare ya yi lallagi a cikinta ta'abbudi ne, wato bin umurni, ba hujjar najasa ba; Shafi'awa ne suka ɗauke shi najasa mai kauri. Haƙiƙa akwai hadisai ingantattu da suka nuna ladan mutum yana raguwa kullum idan ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, da kuma cewa mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da yake ciki, kuma ba ni da nufin in yi wa waɗannan nassoshi kwana. Amma littattafan da suka kawo su, su ne suka kawo ƙissar mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa, da ta matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Masu sharhin Risala ma sun ruwaito cewa mawallafinta, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a 386 bayan Hijira, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi, da aka tuna masa karhancin da Malik ya yi wa haka, sai ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Mun haddace rabin babin da ke hani, mun bar rabin da ke wajabta.

Shaidar haka tana kan titunanmu. Yara su ga ɗan kwikwiyo su bi shi da jifa, manya na zaune a dakali ba mai cewa kanzil. Attajiri ya sayi karen gadi da kuɗi masu yawa ya ɗaure shi da sarƙa a rana, kwanon ruwansa a bushe tun hantsi, sa'an nan ya yi mamaki da ya zama mugu. Mafarautanmu da makiyaya sun fi mu 'yan birni sanin haƙƙin wannan dabba, domin suna ba ta suna, suna ba ta rabonta. Sakacin kuma kanmu yake komawa: Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutane kimanin 59,000 a kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kusan dukansu ta hanyar cizon kare, kuma yara suna da kaso mai yawa a ciki. Cuta ce da idan alamunta suka bayyana ba a tashi, amma rigakafinta yana nan tun da Louis Pasteur ya gwada shi a 1885, kuma cibiyar binciken dabbobi ta Vom kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana yin allurar da ake yi wa karnuka.

Ba na kiran kowa ya shigar da kare uwar ɗakinsa, ni kaina ba zan yi ba, kuma gidajenmu masu tsakar gida da zaure sun hutar da mu daga wannan larura da ƙuncin muhalli da sanyi suka ɗora wa Turawa. Abin da na ce wa ɗan ƙanena shi ne sallarsa ingantacciya ce, ya riƙa rufe ƙofar ɗakinsa, ya keɓe kwanonsa da dardumarsa, kada kuma ya kuskura ya shuri dabbar da aka riga aka gama zalunta. A makon jiya ya sanar da ni cewa wasu miji da mata sun zo sun ɗauki karen, tsohuwar ta yi kuka, ta wanke shimfiɗar tana jiran na gaba.

Mai karatu, in kana da kare a gida ko a gona, ka kai shi asibitin dabbobi a yi masa allurar rigakafi, ka kuma riƙa sabunta ta a kan lokacin da likita ya faɗa maka. In kare ya ciji yaro, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, a wuce da shi asibiti a ranar, kada a tsaya jiran gobe.