Kama da wane ba ta wane: kayan yaji, ɓeraye da kitsen jini

Daga kasuwar Maraɗi zuwa ta Damagaram, zance ɗaya ake ji wurin masu tallar magani: wai tafarnuwa da kurkum da hulba suna narkar da kitsen jini, wanda likitoci ke kira kolesterol, kuma wai Turawa sun gwada sun tabbatar. Gwaji kam an yi, amma galibi a kan dabbobi, kuma nan gizo ke saƙa.

Aikin ya samo asali a 1913, lokacin da wani likitan Rasha, Nikolai Anickof, ya yi ta ciyar da zomaye kolesterol a birnin San Fitasbag, har kitse ya taru a bangon jijiyoyinsu na jini. Tun sannan masana ke ɗora wa dabba wannan cuta da abinci mai maiƙo, su raba dabbobin gida biyu, su zuba wa rabi kayan yaji a abinci, bayan ƴan makonni su auna jininsu.

Sakamakon ba abin rainawa ba ne. A cibiyar binciken abinci ta Maisur, ƙasar Indiya, an ga sinadarin kurkumin da ke cikin kurkum yana zaburar da hantar ɓera ta mai da kolesterol ruwan maɗaciya, wanda ke fita da bayan gida. Hulba kuwa, yauƙinta ke riƙe wannan ruwa a hanji, sai hanta ta ɗebi kolesterol daga jini don ta yi wani.

Sai dai akwai lissafin da duk ɗan kasuwa zai gane. A wasu gwaje-gwajen ana zuba rabin giram na kurkumin a kowane giram 100 na abincin ɓera, alhali kurkumin bai cika wuce kashi 3 cikin 100 na garin kurkum ba. Mutumin da ke cin rabin kilo na tsaba a yini, sai ya haɗiye wajen giram 80 na garin kullum kafin ya kamo ɓera. Wace uwargida ce za ta kaɗa miya da wannan?

Ban da haka, jikin ɓera daban yake: mafi yawan kolesterol ɗinsa irin mai kyau ne, ba irin mai toshe jijiya ba. A 2007 jami'ar Istanfod ta Amurka ta bayyana gwajin da ta yi wa mutum 192, waɗanda wasunsu suka ci ɗanyar tafarnuwa, wasu suka sha ƙwayoyinta, har wata shida. Mugun kolesterol ɗinsu bai sauka yadda za a faɗa ba.

Ɓera yakan ɓatar da masana ta ɗaya gefen ma. Maganin da Akira Endo na Japan ya samo daga fumfuna a 1973 bai yi wa ɓeraye kome ba. Sai da aka gwada shi a kan kaji da karnuka aikinsa ya fito. Daga nan aka sami magungunan sitatin da likitoci ke rubutawa a yau.

Saboda haka tafarnuwar Agadas da albasar Galmi su ci gaba da shiga tukunya, tun da miyar da ta ji kayan ƙamshi ba ta neman gishiri da mai da yawa. Amma ɗan kasuwa ko ma'aikacin da analiz ta nuna kitsen jininsa ya hau, kada ya aje ordonansi ya koma ga ƙullin gari. Ciwon ba ya sallama. Sau da yawa shanyewar rabin jiki ko ciwon zuciya ne ke fara ba da labarinsa. Mai shan maganin tsinka jini kuma ya shawarci likita kafin ya sha ƙwayoyin tafarnuwa, don suna iya ƙara zubar jini.