Kada a yi gaggawar juya kujerar yaro

Da yaro ya shekara, sai iyaye su ƙagara su juya masa kujerar mota ya kalli gaba, wai ƙafafunsa sun takura. Ni ban ga dalilin wannan gaggawa ba. Kan ƙaramin yaro ya yi wa jikinsa nauyi, ƙasusuwan wuyansa kuma ba su gama ƙwari ba. Idan mota ta yi karo, yaron da ke kallon gaba kansa ne ke fizgewa, wuya ya sha wahalar. Wanda ke kallon baya kuwa, kujerar ce ke tallafe masa kai da wuya da gadon baya gaba ɗaya. Dokar i-Size ta Turai ta ce sai yaro ya kai wata 15 aƙalla kafin a juya shi. A 2018 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta daina ɗaura maganar a kan shekara 2, ta ce a bar shi har ya kai iyakar nauyi ko tsawon da aka rubuta a jikin kujerar. A Suwidin ma har shekara 4 ake kaiwa. Ƙafafu kuwa, tanƙwashe su yake yi abinsa. Kansa za a duba: in ya kusa bakin saman kujerar, ta yi masa kaɗan, a nemo babbarta mai kallon baya.