Ƙwallon manyan makarantun Daura: wa ya kamata ya zama mataimakin koci?

Cikin 'yan shekarun nan Daura ta samu manyan makarantun tarayya biyu: Kwalejin Kimiyya da Fasaha, da Jami'ar Sufuri wadda marigayi Muhammadu Buhari ya aza harsashinta a watan Disambar 2019. Ga kuma Kwalejin Yusuf Bala Usman ta gwamnatin jiha, wadda ta riga su kafuwa. Duk wadda ke son a ji sunanta a gasar NIPOGA ta kwalejojin fasaha, ko NUGA ta jami'o'i, dole ta gina ƙungiyar ƙwallo. A irin wannan gaɓa hankali kan karkata ga babban koci, kujerar mataimaki kuwa sai ta zama ta alfarma, a bai wa wanda wani babba ya turo.

Tarihin ƙwallon Najeriya bai goyi bayan wannan sakaci ba. Jo Bonfrere mataimakin Clemens Westerhof ne lokacin da aka ci kofin Afirka a 1994, bayan shekara biyu kuma shi ya ciyo zinare a Atlanta. Emmanuel Amuneke yana bayan Manu Garba sa'ad da 'yan ƙasa da shekara 17 suka ɗauki kofin duniya a 2013, sannan ya maimaita hakan da kansa a Chile a 2015.

Masu neman kujerar a makaranta iri uku ne. Akwai tsohon ɗan wasan gari, wanda ya san filayen Daura, Mai'adua, Zango, Sandamu da Ɓaure, matasa kuma suna jin maganarsa. Akwai mai takarda, wanda ya yi Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas ko yake riƙe da lasisin CAF. Sai malamin cikin gida, wanda za a ɗora wa aikin da ɗan alawus, abin da masu kula da kasafi suka fi so.

Hujjar masu goyon bayan ɗan gari ita ce ya san inda haziƙai suke. Gaskiya ne, amma ƙungiyar makaranta ba Katsina United ba ce. Ba ta sayen ɗan wasa; JAMB ce ke kawo mata shi. Gwanin da aka gani a filin Zango, in ba shi da sakamakon jarrabawa, sai dai ya zo kallo. Wanda ya shigo kuma ba ya daɗewa: ɗalibin difloma shekara biyu yake yi ya tafi, ga jarrabawa da hutu suna katse atisaye. Ke nan kusan kullum daga tushe ake farawa. Abin da ake bukata shi ne mai iya koyarwa, mai haƙurin nuna wa sabon ɗalibi tsayuwa da miƙa ƙwallo, wanda kuma ya san yadda ake rage nauyin atisaye a zafin bazara da watan azumi. A nan mai takarda ya fi, muddin ya taɓa horar da matasa, ba takardar kawai yake kaɗawa ba.

Idan kujeru biyu ne, ta biyun ta mai horar da masu tsaron raga ce, kuma nan ne tsohon gola ɗan gari zai fi kowa amfani. Gasannin makarantu na 'yan kwanaki ne, daga rukuni sai sili-ɗaya-ƙwale, inda bugun fenareti kan raba gardama.

Saura batun wanda zai zaɓa. Kocin da aka ƙaƙaba wa mataimaki ba ya sakin jiki da shi, 'yan wasa kuwa ba sa daɗewa kafin su gane, su rabu gida biyu. Ya fi dacewa koci ya kawo sunaye, sashen wasanni ya tantance takardu, a gwada kowa a fili na mako ɗaya ko biyu, sannan a ba da kwantiragin da zai kai aƙalla shekara biyun da ɗalibin difloma ke yi.