Zaƙamin da Ya Dawo da Sunan Mala'ika

A Sabiyal, cikin ƙaramar hukumar Aliero, da wuya a samu tsohuwar da za ta ga zaƙami ya tsiro a gindin danga ta bar shi ya kwana. Ta san warin ganyensa, ta san 'ya'yansa masu ƙaya, ta kuma san dalilin da ya sa ake masa laƙabi da haukata-yaro. Amma ɗanta da ya yi karatu, ya gina gida a Jega ko Birnin Kebbi, yana iya biyan kuɗi mai tsoka a kawo masa tsiron nan a tukunya, ya ajiye shi a ƙofar falo, ya ɗauki hotonsa ya sa a Instagram. Mai sayar da furanni ya gaya masa sunansa “ƙahon mala'ika”, kamar yadda Turawa ke kiransa, shi ke nan magana ta ƙare. An sauya wa tuwo suna, mai ilimi ya saye abin da mahaifiyarsa ke tumɓukewa kyauta.

Tsire-tsire biyu ne ke yawo da wannan suna, kuma 'yan gida ɗaya ne da gauta da tumatir da taba. Na farko shi ne Datura, wato zaƙamin da kowa ya sani: gajere, furensa na kallon sama, 'ya'yansa na da ƙaya. Na biyu shi ne Brugmansia, ƙaramin itace daga Kudancin Amurka, wanda furanninsa ke rataye suna kallon ƙasa, suna tashin ƙamshi da magariba don jawo manyan malam-buɗe-littafin dare. Masanin tsirrai Christiaan Persoon ne ya ware shi daga Datura a 1805, ya raɗa masa sunan Sebald Brugmans, farfesa a jami'ar Leiden ta ƙasar Holan. Nau'o'insa bakwai ne, kuma tun 2014 ƙungiyar IUCN ta sanya dukkansu cikin jerin tsirran da suka ƙare a daji. A hannun mutane kaɗai suka rage. Wannan ne ma ya sa masu sha'awarsa ke ɗaukar kansu masu ceton halitta.

Sha'awar ba ta banza ba ce, dole a yi musu adalci. Auratar da nau'i da nau'i aiki ne na haƙuri da natsuwa. Ana buɗe furen kafin ya buɗe da kansa, a cire sassan da ke ɗauke da ƙurar namiji, a ɗebo ƙurar wani itacen da ɗan buroshi a shafa wa kan macen, a ɗaura alama, a jira watanni kafin kwanso ya nuna. Irin da aka shuka kuma ba ya fure sai kara ya girma ya rabu biyu. Yawancin Brugmansia ba sa karɓar ƙurar kansu, sai ta baƙo, kuma sun kasu gida biyu da ba sa auratayya da juna: 'yan yankin ɗumi irin su suaveolens da versicolor da aurea, da 'yan tsaunuka masu sanyi irin su sanguinea. Daga haɗin aurea da versicolor aka samu candida, wanda ya cika lambunan duniya.

To amma wanda ya san rana ta watan Afrilu a Maiyama, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma iska ta bushe ƙamas, ya san wannan itace bai zo gidansu ba. Ko 'yan yankin ɗumin sun saba ne da laima da ruwa a kai a kai. A irin zafin Kebbi sukan zubar da toho kafin ya buɗe, ganye ya yi yaushi, sai an yi ta ɗura musu ruwan da unguwa ke layi a kansa. Wanda ke jin daɗin wannan ƙasa shi ne ɗan'uwansa Datura metel, musamman mai fure ninki biyu, fari ciki shunayya waje. Shi ba ya bukatar buroshi ko haƙurin kowa. Yana auren kansa, kwansonsa ya fashe ya watsa iri da yawa, irin kuma ya kwanta a ƙasa shekaru yana jiran damina. Saboda haka mai gidan da ya ce yana kiwon furen ƙasashen waje, ko dai yana shayar da itacen da ba zai yi masa fure ba, ko kuma yana noman zaƙami a tsakar gidansa da hannunsa.

Ko da ma ya dace ya samu Brugmansia na gaskiya, gubar ɗaya ce. Tun daga saiwa har fure, duka biyun na ɗauke da sinadaran atirofin da hayosiyamin da sikofolamin, waɗanda ke toshe wani saƙo da jijiyoyi ke aika wa gaɓoɓin jiki. Baki ya bushe, ƙwayar ido ta buɗe, fata ta yi zafi ba gumi, zuciya ta yi gudu, fitsari ya tsaya, mutum ya shiga sambatu yana kama abin da babu shi. Idan abin ya yi yawa sai farfaɗiya, sai suma, wani lokaci sai mutuwa. Ruwan ganyen kaɗai, in ya shiga idon mai yanka reshe, yana iya buɗe masa ƙwayar ido ta kwana da kwanaki. Abin da ya fi muni shi ne ƙarfin gubar ba shi da ma'auni: ya danganta da tsiro, da lokaci, da ɓangaren da aka taɓa. Abin da wani ya sha ya tashi, shi wani zai sha a kai shi makwanci. (Wani abin mamaki, maganin da likitoci ke karya wannan guba da shi, fisostigimin, daga waken Kalaba na kudancin Najeriya aka fara tace shi a 1864. Sai dai ba magani ne da ake samu a kowane kanti ba.)

Masu kare wannan ado suna da hujja, kuma sukan faɗe ta da ƙarfin hali. Ai rogo ma yana da guba, in ji su, kuma daga dangin waɗannan sinadarai ake yin magunguna, har da Buscopan na ciwon ciki. Gaskiya ne. Amma rogo abinci ne, kuma kakanni sun gadar da yadda ake jiƙa shi a shanya har gubar ta fita. Maganin asibiti kuwa an auna shi da miligiram. Furen da ke ƙofar falo bai ciyar da kowa ba, ba a kuma auna shi ba. Sannan littattafan lambun da ake kwaikwayo an rubuta su ne don gidan da mutum biyu ke zaune da kare ɗaya a bayan shinge. Gidan Bahaushe a buɗe yake: 'ya'yan maƙwabta na shiga, almajiri na shiga, akuya na shiga, ƙanin matar gida ɗan shekara sha shida na kwana a shagon waje. Wannan yaron ya riga ya ji labarin zaƙami a bakin abokai, ya ji yadda ake jefa shi a zoɓo ko kunun zaƙi a wajen biki. Binciken da aka fitar a 2019 tare da ofishin UNODC ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda. A irin wannan ƙasa, mutumin da ke rubuta dogon sharhi a Facebook kan lalacewar matasa shi ne kuma ke yi wa kayan mayen ban-ruwa safe da yamma.

Akwai kuma hatsarin da ba a cika magana a kansa ba, wanda ya fi shafar yankin noma irin Jega da Aliero da Maiyama. Iri ba ya sanin katanga. Shara ta fita da shi zuwa juji, takin juji ya tafi gona, zaƙami ya tsiro tsakanin kunyoyin gero da dawa, a girbe su tare a sussuke tare. Ƙwayarsa ƙarama ce, ba kullum shiƙa ke raba ta da hatsi ba. A watan Maris na 2019, a yankin Karamoja na ƙasar Yuganda, mutane kusan 300 sun kwanta, biyar suka rasu, bayan sun sha kunun garin tallafi na Hukumar Abinci ta Duniya, bincike kuma ya gano gubar Datura a cikin garin. A Disambar 2022 irin haka ta faru da ganyen alayyafo na kanti a Ostareliya. Tarayyar Turai, tun Satumbar 2022, ba ta yarda geron ko dawar da ba a sarrafa ba ta wuce maikirogiram 5 na wannan guba a kowane kilo. Duk mai mafarkin ganin hatsin kasuwar Jega ya tsallaka teku, ya kamata wannan lamba ta hana shi barci. Turawan da aka aro sunan furen daga wurinsu su ne ke auna gubarsa a buhun dawa.

Ba ana cewa hukuma ta bi gida gida tana fasa tukwane ba. Zaƙami na tsirowa da kansa a kufai da bakin fadama, babu dokar da za ta ƙarar da shi, kuma masu maganin gargajiya sun daɗe da sanin inda suke samunsa. Abin da ake nema bai kai haka ba. Mai sayar da fure ya kira shi da sunan da mai saye ya sani, ya ce wannan zaƙami ne ko ɗan'uwansa, in ya so mai saye ya yanke shawara da idonsa a buɗe. Makarantu da asibitoci da otal-otal su daina karɓar duk abin da ɗan kwangilar shuke-shuke ya dasa musu ba tare da tambaya ba. Wanda kuma ya riga ya shuka, yana da yara a gida, ya sa safar hannu ya tumɓuke tun kafin kwanso ya fashe, kada ya zuba wa dabbobi, kada ya jefa a juji, kada ya tsaya cikin hayaƙinsa.

Shi kuwa wanda hannunsa ke ƙaiƙayin auratar da tsirrai, aikin na nan jibge a ƙofar gidansa. Aliero garin albasa ne, akwai jami'ar kimiyya da fasaha a cikinsa tun 2006, kuma manomin Sabiyal har yau yana kallon wani kaso na albasarsa na ruɓewa a rumbu kafin farashi ya tashi. Buroshin nan da ake shafa wa furen ado, da haƙurin jiran watanni, da littafin rubuta wane aka haɗa da wane, su ne dai kayan aikin da ake fitar da irin albasa mai jure ajiya, ko tumatirin da ba ya zubar da fure a zafin bazara.