KIMIYYA DA SANA'A: Sautin da Ke Tona Asirin Ƙarfe

Macen da ta je kasuwa sayen tukunya ba ta biyan kuɗi sai ta ƙwanƙwasa ta. In ta ji ƙara garau, ta ɗauka. In ta ji ta dushe, ta san akwai tsaga, ko da ido bai gan ta ba. To, wannan dabara ce injiniyoyi suka ɗaukaka, har suke binciken ma'aunin matsi na masana'antu da ita.

Shi ma'aunin matsi, shi ke gaya wa ma'aikaci irin ƙarfin da tururi ko gas ko mai ke yi wa tanki daga ciki. Jigonsa wani siririn faifan ƙarfe ne da aka yi wa walda a baki, yana lotsawa gwargwadon matsin, na'ura kuma ta mai da lotsawar lamba. Idan tsatsa ta ci faifan, ko waldar ta tsage, ba lalle ma'aunin ya tsaya ba. Sai ya ci gaba da nuna lamba, amma ta ƙarya, har a daina gaskata shi. A daren da iska mai guba ta ɓalle daga masana'antar Union Carbide a Bhopal ta ƙasar Indiya, cikin Disamba 1984, ma'auni ya nuna matsi na hauhawa a tanki, amma ma'aikata ba su razana da wuri ba, don sun saba da ma'aunai marasa gaskiya. Dubban mutane suka halaka.

Kunnen ɗan Adam ba ya jin sautin da ya wuce kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, alhali kuwa wanda ake bincike da shi yana kaɗawa sau miliyoyi. Floyd Firestone na Jami'ar Michigan a Amurka ya sami rajistar na'urar wannan aiki a 1942. Akan shafa mai ko ruwa mai kauri a jikin ƙarfen tukuna, domin iska ko yaya ƙanƙantarta takan tare sautin, sa'an nan a ɗora kan na'urar. Sautin ya ratsa ƙarfen, yana cin kusan mita 5,900 a daƙiƙa, ya bugi bayansa ya komo. In amsar ta riga lokacinta dawowa, wani abu ya tare ta a hanya, wato tsaga ko rami, ko kuwa ƙarfen ya zaizaye.

Sai dai faifan ya cika sirantaka, amsarsa kan cuɗe da sautin da aka aika. Saboda haka akan cire ma'aunin, a nutsar da sashen cikin ruwa, a haska shi da sauti mafi saurin kaɗawa. Har ila yau, sauti ba ya faɗin ko lambar daidai take. Wannan sai an gwada ma'aunin da matsin da aka riga aka san adadinsa, kuma masana'antar da ta yi ɗaya ta bar ɗaya, rabin bincike ta yi.