Tantin Matafiyi

A ƙasar Amurka akwai wata hanyar ƙafa wadda ta ratsa duwatsun Afalashiya, tsawonta ya fi mil 2,000. Mai son ya ga ƙarshenta yakan yi wata 5 ko 6 yana tafe, guzurinsa da makwancinsa duk a bayansa. To, wane irin tanti ya kamata ya ɗauka?

A shekarar 1955 wata tsohuwa, Emma Gatewood, mai shekara 67, ta bi hanyan nan ita kaɗai har ƙarshe. Ba ta ɗauki tanti ba, sai bargo da labulen roba. Ta yi dabara, gama kayan da aka raina da safe kan zama dutse da la'asar.

Amma fa kada matafiyi ya kwaikwaye ta duka. Labule ba ya hana sauro, in kuwa ruwa ya zo da iska, sanyi yana iya halaka wanda ya jiƙe. Saboda haka gara ya nemi ƙaramin tanti mai gidan sauro, wanda ba ya yoyo, nauyinsa kamar kilo 1. Ya kafa shi a tsakar gida ya gwada tun bai tashi ba, don rigakafi ya fi magani.