Wasiƙa Zuwa Ga Masu Koyon Aikin Tashar Lantarki Na Kankiya Da Kusada

Ƙannena da 'ya'yana.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne tambayar da iyayenku ke tare ni da ita a wurin ɗaurin aure da bayan sallar Juma'a: yaron nan ya gama difloma a fannin lantarki, yaushe za a fara ɗaukar ma'aikata a tashar sola ta Kankiya? Amsar da nake ba su ba ta yi musu daɗi, shi ya sa na ga gara ku ji ta daga bakina.

A watan Yulin 2016, NBET, kamfanin gwamnatin tarayya mai sarin wuta, ya sa hannu da kamfanoni 14 a kan gina tashoshin sola da jimillarsu ta haura megawat 1,100. Ɗaya daga ciki ita ce ta Pan Africa Solar mai megawat 75, wadda aka ce a Kankiya za a kafa. Ba kara aka yi mana ba. Muna da rana, muna da fili, ga kuma babban layin kilobolt 132 da ya taso daga Kumbotso ya nufi Katsina, wanda ya ratsa ta nan har TCN, kamfanin dakon wuta na ƙasa, ke da tasha a garin. Kuɗi ne suka tsayar da maganar. An daidaita a kan santi 11.5 na dalar Amurka kowane yunit, daga baya gwamnati ta ga kayan sola sun karye a duniya ta nemi ragi, masu ba da bashi kuma suka ce sai sun ga lamunin gwamnati a hannu. Aka shiga ja-in-ja, shekaru suka yi ta shuɗewa ba a gina ba. Maƙwabtanmu na Lambar Rimi sun ɗanɗana irin wannan jira da fankokinsu 37 na wutar iska mai megawat 10, aikin da ya yi dogon suma bayan an sace injiniyan Faransa, Francis Collomp, a Disambar 2012.

To, kada ɗayanku ya naɗe hannu yana jiran tashar da ke kan takarda. Ko gobe aka fara ginin, ku san yadda lamarin yake: lokacin gini ana ɗibar ɗaruruwan hannaye, masu haƙa da masu ɗauko da masu ɗaure ƙarfe, amma da an gama sai a sallame su. Waɗanda ke saura su ne masu gadi, masu wanke faranti, masu sheme ciyawa, sai wasu 'yan ƙalilan a ɗakin sarrafa na'urori. Kujerun ɗakin nan ba a ba da su don mutum ɗan gari ne. Wanda ya taɓa riƙe inji ake ba, in babu shi a cikinmu a ɗauko daga nesa, mu kuma mu koma majalisa muna cewa an ware mu.

Wurin koyo bai yi ƙaranci ba. Cibiyar horas da ma'aikatan lantarki ta ƙasa, NAPTIN, wadda aka kafa a 2009, tana da rassa a Kano da Kaduna da Kainji. Mai son aikin madatsar ruwa ya nufi jihar Neja: Kainji da aka kammala a 1968 tana da megawat 760, Shiroro 600, ga sabuwar Zungeru mai 700. Mai son sola yana da ta Kumbotso mai megawat 10 da aka buɗe a 2023, da ta Jami'ar Bayero da aka buɗe a 2019. Wanda bai samu waɗannan ba kada ya raina ƙaramar tashar kamfanin rarraba wuta na KEDCO, ko janareton kamfanin casar shinkafa, ko solar asibiti, ko injin gidan ruwa. Ɗaliban Kwalejin Hassan Usman Katsina da sauran kwalejoji, watannin nan na koyon aiki da ake tura ku, kada ku kai takarda a buga muku hatimi ku koma gida kiwon kaji. Ku je inda inji ke kuka, ko da ba za a ba ku kuɗin mota ba.

Yanzu bari mu shiga cikin aikin kansa, don nan ne maganata take.

Ofareta ba injiniya ba ne, ba kuma makaniki ba. Wani ya zana, wani ya gyara, kai naka shi ne ido da kunne da alƙalami. Idan ka zo karɓar aiki, ka riga lokaci zuwa. Kada ka bari wanda za ka canza ya miƙo maka makulli yana kan babur. Ku zauna ya faɗa maka wane layi ke buɗe, wane ke rufe, su wa ke aiki a kan wane, takardar izini nawa ke waje ba a dawo da su ba. Ka karanta littafin aiki tun daga inda ka tsaya jiya. Sannan ka tashi ka zaga da ƙafarka. Ka tsaya gaban taransifoma ka saurari gunjinta, ka duba agogon zafin mai da na zafin waya, ka dubi ƙasa ko akwai ɗigon mai a kan tsakuwa. Akwai wata kwalba a gefenta mai ƙwayoyi shuɗaye, ta nan take shaƙar iska. In ka ga sun koma ruwan hoda, sun ƙoshi da danshi ke nan, kuma danshi a cikin man taransifoma ajalinta ne. Makiyayin kirki tun daga tafiyar saniya yake gane ba ta da lafiya, ba sai ta kwanta ba. Haka ake so ka san injinka.

Sai rubutu. Duk awa ana ɗaukar lambobi: bolt nawa, lodi nawa, zafi nawa. Ƙarfe uku na dare, sanyin hunturu na kaɗawa, zuciya za ta ce maka ai na ƙarfe biyu da na uku duk ɗaya ne, kwafa kawai. Wannan rubutun kan benci shi ne cutar da ta fi kashe injuna a ƙasar nan, a ganina, fiye da tsufa. Zafin da ke hawa kaɗan-kaɗan cikin mako ba ya bayyana sai a littafin da aka rubuta da gaskiya. Ranar da abu ya ƙone kuma, littafin nan za a fara buɗewa, ko ya wanke ka ko ya ɗaure ka. In ka yi kuskuren rubutu, ja layi ɗaya a kai ka sa hannu. Kada ka goge, kada ka yage shafi.

Batun buɗe layi da rufe shi kuwa, nan ne rai yake. In aka kira ka ta waya ko rediyo aka ba ka umarni, ka rubuta, ka maimaita wa mai magana kalma bayan kalma, da sunan layin da lambar makunnin, sai ya ce haka ne kafin ka taɓa komai. Ba rashin kunya ba ne ka sa oga ya maimaita. Kafin mutum ya hau aiki, a kashe, a raba layin yadda ido zai ga ya rabu, a sa kwaɗo da allon gargaɗi, a gwada a tabbatar babu wuta, sannan a haɗa shi da ƙasa. Gwajin nan ba al'ada ba ce. A garuruwanmu yanzu kusan kowane mai shago yana da janareto ko inbata, kuma da yawa an haɗa su ba bisa ƙa'ida ba. Wutar gidan mutum ɗaya tana iya komawa ta taransifoma ta hau layin da kai ka rantse ka kashe. Kuma muddin takardar izini ba ta dawo hannunka ba, da sa hannun wanda ya karɓa, ba ka mayar da wuta. Ko wane ne ya kira. Ko an ce maka ai yaran sun sauko tun ɗazu. Za a yi maka tsawa, wataƙila a kira ka mai taurin kai. Ka ce, "Ranka ya daɗe, takarda ba ta dawo ba," ka yi shiru.

Masu sha'awar sola, ku cire wa ranku cewa ita wuta ce mai sanyin hali. Faranti ba shi da makunni. Muddin rana ta fito, yana da wuta, kuma jerin farantai a babbar tasha yakan kai bolt 1,000 ko fiye. Wutarsa ba irin ta layi ba ce da ke juyawa tana ratsa sifili sau ɗari a daƙiƙa. Tata miƙe take, in ka zare mahaɗa alhali tana ɗauke da lodi, tartsatsin ba ya saurin mutuwa. A kashe inbata tukuna. Ku kuma sani zafi ba abokin faranti ba ne: da ya wuce digiri 25, ƙarfinsa raguwa yake da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri, shi ya sa tsakar ranar bazara ba ta ba da abin da ido ke zato. Ƙurar hunturu ma tana cin nata rabon. A wanke da sassafe, kada a watsa ruwan sanyi a kan gilashin da rana ta gasa.

Wani abu da ba a koyarwa a aji shi ne zama da jama'a. Da ka sa kwalkwali, kai ne "NEPA", ko da yake an rushe ta tun 2005. Wutar ƙasar nan a tukunya ɗaya take. Daga Osogbo ake daidaita ta don ta tsaya a kan juyi 50 a daƙiƙa, kuma rabon da aka ba yankinku ba kai ka yanka shi ba. A Oktoban 2024, da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan wanda ya biyo ta Binuwai ya faɗi, Arewa ta yi kwanaki cikin duhu, amma ƙaramin ma'aikacin da ke unguwa shi ya sha zagi. Ka yi haƙuri, ka yi bayani in an saurare ka. Wanda ya fi wuya shi ne na gida: kawunka zai aiko cewa ana bikin 'yarsa ranar Asabar, a bar musu layinsu. Ka je bikin da gudummawarka, amma jadawalin rabon wuta ba naka ba ne balle ka yi kyauta da shi. Man janareto da wayar tagulla da batir ɗin tasha su ma haka.

Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu, ƙananan tashoshin sola na ƙauyuka kuma suna ƙaruwa, don haka ku ajiye takardunku a shirye: sakamakon makaranta, shaidar gwajin sana'a, lasisin hukumar NEMSA ga mai haɗa waya, da wasiƙa daga duk inda kuka yi aiki mai faɗin irin injin da kuka riƙe. 'Yan matanmu da suka karanta lantarki, ku ma ku nema. Ɗakin sarrafa na'urori nutsuwa yake so, ba ƙwanji ba. Duk wanda ya ce ku kawo kuɗi a ba ku takardar ɗaukar aiki, ɗan damfara ne, ko da tambarin wane kamfani ya zo. Kada mahaifinka ya sayar da gona ko shanun huɗa saboda shi. Ku bi sanarwar kamfanin da kansa, ku je ofishinsa da ƙafarku ku tambaya.

Ku gaishe mini da iyayenku. Allah Ya tsare ku a bakin aiki.

Wassalam,
Baffanku, tsohon ofareta.